Kujerar likita da teburin manaja: yadda ake riƙe asibitin haƙori a Legas

Wani Alhaji ne a nan Agege, ɗan kasuwa, ɗansa ya gama karatun likitan haƙori ya yi shekarar horonsa ya yi bautar ƙasa, shi ne yake so ya buɗe masa wuri nasa na kansa. Ya sa aka nemo ni saboda ya ji na yi shekaru ina riƙe ofishin wani asibitin haƙori a garin nan. Muna gama gaisawa ya ce, "Malam, kujerar nan tasu nawa take?" Na ce Alhaji kujera ai ita ce mai sauƙin, kuɗi ne kawai, ka biya a kawo maka a ɗaura. Abin tambaya shi ne wa zai tabbatar kullum akwai mutum a kanta, akwai wuta, akwai kayan aiki masu tsafta, kuma kuɗin aikin da aka yi ya shigo. Ya ce ai yaron ne likita. Na ce yallaɓai likita kansa na cikin bakin mutane daga safe har yamma, hannunsa cikin safa, ba zai ɗaga waya ba balle ya bi mai dizal. Hirar da muka yi ranar ita na ga ya kamata in baje ta a nan, don matasanmu da yawa suna neman aikin ofis a asibitoci kuma suna ɗauka zaman tebur ne da rubuta rasit.

Abu na farko da ya kamata mutum ya gane, asibitin haƙori ba kamar kemis ba ne da za ka sayar wa mutum ashirin magani cikin awa ɗaya. Abin da ake sayarwa lokacin kujera ne. Kujera ɗaya, likita ɗaya, majinyaci ɗaya a lokaci guda, shikenan. In aka ce ana aiki awa takwas, to awa takwas ɗin nan su ne kayan shagon gaba ɗaya, kuma awar da ta wuce babu kowa a kai ta tafi kenan, ba a ajiye ta a sito gobe a sayar. Amma kuɗin haya yana tafiya, albashi yana tafiya, janareto yana shan mai ko da kowa ko ba kowa. Duk wata ƙwarewa da zan ambata a ƙasa, in ka bi ta a hankali, nan take komawa.

Shi ya sa nake fara wa duk wanda na koya wa aiki da littafin ba da lokaci. Mutane suna raina shi, alhali nan ne ake gane manaja. Ayyukan haƙori tsawonsu ba ɗaya ba ne. Duba baki da ɗaukar hoto ɗan lokaci ne, wankin haƙori ya fi shi, ciko ya danganta da girman kogon, shi kuwa aikin jijiyar haƙori yana iya cin awa ɗaya ko fiye kuma sau da yawa sai an dawo zama na biyu. Cire haƙori shi ne ɗan rainin hankali, wani minti goma an gama, wani kuma turmin can ƙarshe ne ya kwanta a karkace ko saiwa ta karye a ciki, sai ka ga likita ya haɗa gumi an cinye lokacin mutum biyu. Wanda bai san wannan ba sai ya jera kowa rabin awa rabin awa kamar layin aski, kafin azahar wurin jira ya cika, kowa ya ɗaure fuska. Dole ka zauna da likitanka ka san saurinsa, don likitoci ma hannu ya bambanta, kuma ka tuna tsakanin mutum da mutum akwai mintunan goge kujera da canza kayan aiki, su ma lokaci ne.

Sai kuma Legas ta sako nata. Wanda ka ba ƙarfe tara daga Mile 12 yake tahowa ko daga Alaba Rago, ruwa ya sauka da asuba, hanya ta cushe, ƙarfe sha ɗaya zai iso yana ba ka haƙuri kuma gaskiyarsa ce. Abin da na koya shi ne na kusa a ba su safiya, na nesa a ba su tsakar rana lokacin da gosulo ya ɗan lafa, kuma a kira kowa ko a tura masa saƙon WhatsApp ana gobe. Mutanenmu da yawa ba sa karanta dogon saƙo, saƙon murya da Hausa ya fi aiki nesa ba kusa ba. Sannan ka riƙe sunayen mutum biyu ko uku na cikin unguwa waɗanda suka ce duk sanda aka samu gurbi a kira su, in wani ya fasa sai ka cike da su. Ranar Juma'a kada ka sa dogon aiki daga sha biyu zuwa uku in majinyatanka namu ne. Da azumi kuwa da rana wurin zai yi shiru saboda mutane suna gudun ruwa ya wuce musu maƙogwaro, to sai a karkata aiki zuwa bayan shan ruwa in ma'aikata sun yarda kuma an tsara musu yadda za su koma gida. Gab da sallah ana samun masu son wankin haƙori, bayan sallah kuma masu nama ya maƙale a kogo, wannan duk shekara ne.

Akwai wata ɗabi'a tamu da dole a yi tsari da ita, ba ma zuwa wurin likitan haƙori sai ciwo ya hana barci. An sa kanumfari, an kurkure da ruwan gishiri, an sha na kemis kala uku, wani har an ce masa tsutsa ce aka yi masa turare, sai ranar da kumatu ya kumbura sannan a taho ba tare da an kira ba. Ba za ka kore shi ba, kuma ba za ka tsallake wanda ya kiyaye lokacinsa ba. Maganin abin shi ne kullum ka bar gurbi ɗaya ko biyu fanko, ɗaya da safe ɗaya bayan azahar, na masu zuwa bagatatan. Kusan kullum sai sun cika.

Daga nan sai wanda ke zaune a teburin gaba, ko kai ne ko wata ka ɗauka. Ba likita ba ne, amma dole ya san wane kira ne na gobe, wane ne na yanzu yanzu. In uwa ta bugo ta ce yaro ya faɗi a makaranta haƙorin gaba ya fita gaba ɗaya, tambayar farko shekarunsa nawa, don na nono guda 20 ba a mayar da su, amma na manya ana iya mayarwa in an yi sauri. A ce mata ta riƙe shi ta saman ba ta saiwar ba, kada ta kankare, ta jefa shi cikin madara ta taho a cikin awa ɗaya. In mutum ya ce kumburin ya sauko ƙarƙashin haɓa, yana kasa haɗiye miyau ko numfashi na yi masa wuya, ko kumburin ya haura wajen ido da zazzaɓi, wannan ba na jiran layi ba ne, a sanar da likita nan take, sau da yawa babban asibiti za a tura shi irin LUTH a Idi-Araba ko LASUTH a Ikeja, domin irin wannan kumburin yana toshe hanyar numfashi, yana kisa. Manajan da ya ce wa irin wannan mutumin ya dawo Litinin ya yi kuskuren da ba a gyara shi da ban haƙuri.

Sannan takardar tarihin lafiya da ake cikewa a karon farko. Wallahi na sha ganin ana miƙa wa dattijo fom da biro a ce ya cike, shi kuma ya ja layi a ko'ina don kunya ta hana shi cewa ba ya karanta boko. A zauna da shi a tambaye shi da bakinsa. Hawan jini, ciwon suga, maganin tsinka jini, juna biyu, sikila, ko wani magani ya taɓa yi masa illa. Kuma kada ka ce "Baba kuna da hawan jini?" don zai ce lafiyarsa ƙalau, ka ce "Baba akwai maganin da kuke sha kullum?" sai ka ga ya zaro leda daga aljihu. A nan ne jin Hausa yake zama jari a Legas. Likitan Bayarabe ne ko Ibo, majinyacin kuma mai sayar da tumatir ne da bai wuce Turancin ciniki ba, bambancin "yana yi min zugi da dare" da "yana yi min tsami in na sha ruwan sanyi" bambanci ne da likita yake buƙatar ji, don ba ciwo ɗaya suke nunawa ba. Amma ka fassara abin da aka faɗa kawai, kada ka ƙara naka. Hajiyoyi kuma da yawa sun fi sakewa in akwai nas mace a ɗakin, wannan a tsara shi tun kafin su tambaya.

To wuta. Duk wanda ya yi sana'a a garin nan ya san labarin, amma a asibitin haƙori abin ya fi tsanani saboda kusan komai da lantarki yake. Kujerar kanta, fitilar da ke haska baki, injin zuƙe miyau, na'urar hoto, tukunyar dafa kayan aiki, da kwamfireso. Ɗan injin nan mai ƙara da ake sassaƙe haƙori da shi, wanda kowa ke tsoro, iska ce take juya shi, iskar kuma daga kwamfireso take zuwa, in ya tsaya aiki ya tsaya ko da likita goma ne a wurin. A ɗauke wuta an riga an yi wa mutum allurar kashe zafi an buɗe haƙori, ba a cewa ya je ya dawo. Don haka sai an yi hawa biyu ko uku, wutar Ikeja Electric ko ta Eko, janareto, in da hali inbata da sola don fitilu da kwamfuta. Daga 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin mai, litar fetur a Legas ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa kusan 500 cikin 'yan kwanaki, sannan a Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar 'yan Band A, wato rukunin da ya fi samun wuta, daga kusan naira 68 zuwa 225 kowane yunit. Wanda bai sake lissafin farashinsa ba a waɗannan lokutan aiki yake yi wa gidan mai. Manaja ya san lita nawa injinsa ke sha a awa, ya rubuta awannin da aka kunna, in ba haka ba mai zai riƙa yin ƙafa. Wani ƙaramin abu da ake mantawa, kwamfireso yana tara ruwa a cikin tankinsa, ga danshin Legas, in ba a zubar kullum ba ruwan ya bi bututu ya lalata injin sassaƙar mai tsada, ya kuma ɓata ciko don farin ciko ba ya kama jiƙaƙƙen haƙori.

Maganar tsafta ita ce wadda ba na wasa da ita, kuma ita ce majinyaci ba ya gani, shi ya sa marasa tsoron Allah suke yin ha'inci a nan. Kayan da ya shiga bakin wani ya taɓa jini. Ciwon hanta nau'in B da C da ƙanjamau duk ta jini suke bi, na B ɗin ma ya fi saurin kamawa kuma yana da yawa a ƙasar nan. Goge ƙarfe da sifirit ba ya wadatarwa, tafasawa a tukunya ma ba ta kashe komai da komai. Tsarin shi ne a wanke kayan a cire jini da datti tukuna, a busar, a sa a ledarsu ta musamman a rufe, sannan a sa a otokilef, wato tukunyar turiri mai matsi, ko dai digiri 121 na aƙalla minti 15 ko digiri 134 na minti 3 zuwa 4, ban da lokacin ɗaukar zafi da na bushewa. A jikin ledar akwai alama da ke canza kala in zafin ya kai. Ba manaja ne zai dafa ba, aikin nas ne, amma shi ne zai tabbatar akwai littafin da ake rubuta kowane zagaye, kuma shi ne zai yi lissafin da ya fi komai muhimmanci: saiti nawa muke da shi, mutum nawa muka ba lokaci. In saitin cire haƙori uku gare ku ka jera mutum shida a jere, kai ne ka tura nas ta yi gajeriyar hanya, ko ka sani ko ba ka sani ba. Na taɓa aiki a wani wuri da tukunyar ta lalace ranar Asabar, mai wurin ya ce a lallaɓa zuwa Litinin, na ce yallaɓai sai dai a lallaɓa ba da ni ba, na kira mutane ɗaya bayan ɗaya na ɗage musu. Bai ji daɗi ba, ni ma ban daɗe a wurin ba bayan nan.

Ma'aikata kuma a tabbatar kowa ya yi rigakafin ciwon hanta na B, allura uku ne, ta farko, sai bayan wata ɗaya, sai a wata na shida, har da mai shara don ita ce take ɗaukar bola. In allura ta soki wani, kowa ya san abin yi tun kafin ta faru, a wanke da ruwa da sabulu, a faɗa nan take, a je a samu maganin kariya daga ƙanjamau wanda ake so a fara da wuri kuma kada ya wuce awa 72. Allurai da reza suna da akwatinsu na daban, auduga mai jini tana da ledarta mai kala, kuma ba a ba mai kura ya kai bola, LAWMA, hukumar kwashe shara ta Legas, tana da sashen kwashe sharar asibiti, da su ake yin rajista.

Sito kuma gajeriyar magana ce amma tana cin kuɗi. Kusan duk kayan aikin haƙori daga waje ake shigo da su, allurar kashe zafi, farin ciko, garin ɗaukar awon baki, 'yan siraran ƙarafan aikin jijiya, har safar hannu. Dala da take wajen naira 460 a farashin gwamnati kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024, kaya suka bi ta. Sai jarabar sayen mai araha ta zo, kuma akwai jabu a kasuwa, allurar da za a yi wa mutum biyu uku bai daina jin zafi ba. Ka riƙe dila biyu ko uku da ka yarda da su, ka duba ranar lalacewa da idonka, wanda ya fara shigowa shi zai fara fita, kada ka tara abin da zai mutu a kabad don ka ga rangwame. Farin ciko ba ya son zafi ko haske, ba a ajiye shi kusa da taga.

Yanzu kuɗi, inda yawancin rigima take. Ƙa'idata ɗaya ce, kada mutum ya hau kujerar aiki bai san nawa zai biya ba. Likita ya duba, ya faɗi abin da ake buƙata, a fito teburi a rubuta masa a takarda, wannan dole ne yau, wannan zai iya jira wata biyu, ga kuɗin kowanne. Mutanenmu 'yan kasuwa ne, za su taya, kuma ba laifi ba ne, "haba Malam a duba mana" ai gaisuwa ce. Amma ka san iyakar da mai wurin ya ba ka, kuma ka iya bayani. Mutum zai ce me ya sa cirewa kaza ne amma gyaran jijiya da hula, wato murfin da ake ƙerawa a rufe haƙorin, ya ninka sau da yawa, a cire kawai. Sai ka faɗa masa gaskiya, gyaran zama biyu ne ko uku, ga hoto, ga kuɗin masu ƙera hular, cirewa kuma ta fi araha yau amma giɓin yana nan, na kusa da shi suna iya karkatowa, in ya so cikewa daga baya da na roba ko dashe wani kuɗin ne. Sannan ka bar shi ya zaɓa. Ban yarda da manajan da ke tsorata mutane don su yi aiki mai tsada ba, Agege ƙaramin gari ne a wajen labari, in aka ce wurin nan 'yan yanka ne to daga masallaci zuwa zango an gama ji kafin sati.

Duk aikin da za a kai wa masu ƙira, hula ko haƙoran roba, a karɓi kafin alƙalami da zai rufe kuɗinsu, domin abin da aka ƙera wa bakin wani ba ya shiga bakin wani, in ya tafi gida Arewa bai dawo ba asara ce tsantsa. Tiransifa kuma sai kun ga alat a asusunku, ba hoton da ya nuna maka a wayarsa ba. Kullum kafin a rufe a haɗa uku, abin da likita ya rubuta ya yi, abin da rasit ya nuna, da abin da ke cikin akwati da POS da banki. In aka bar shi sai ƙarshen wata ba mai tuna komai, sai zargi.

Masu inshora su ne jarrabawar haƙuri. Tun da aka sa hannu a dokar NHIA, hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, a Mayun 2022 inshorar lafiya ta zama wajibi a doka, Legas kuma tana da nata tsarin Ilera Eko a ƙarƙashin hukumarta LASHMA, ga kamfanonin inshorar lafiya da ake kira HMO waɗanda ma'aikatan banki da kamfanoni ke zuwa da katinsu. Yadda abin yake, mai kati ya zo, kai za ka nemi lambar amincewa daga kamfaninsa kafin a taɓa shi, su ce sun yarda da wanki da ciko ɗaya amma ban da hula, ko su ce kason haƙorinsa na shekara ya ƙare. In aka yi aiki babu lambar nan to sadaka aka yi. Bayan an yi kuma sai a tura takardar neman biya daidai da farashinsu ba naku ba, a jira, wani lokaci watanni, wani lokaci su zaftare wani abu saboda kuskuren kwanan wata ko lamba ɗaya. Mai riƙe ofis ya zama yana da jadawali a kwamfuta, wa muke bi, nawa, tun yaushe, ya riƙa bugawa ba gajiya ba zagi. Kuma kafin a sa hannu da kowane kamfani a ɗauki farashinsu a auna da kuɗin kaya da wuta, akwai wanda in ka karɓa wurin zai cika maƙil amma ƙarshen wata albashi ya gagara. Shi majinyacin kuma a gaya masa tun a teburi abin da katinsa bai ɗauka ba, don shi a tunaninsa kati yana nufin komai kyauta.

Takardun hukuma ba su da daɗin magana amma su ne ke sa a wayi gari a ga kwaɗo a ƙofa. Rajistar kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, daban. Likita dole yana da rajista da MDCN, hukumar rajistar likitoci ta ƙasa, kuma yana sabunta lasisinsa duk shekara, masu wankin haƙori da masu ƙira su ma kowanne da hukumar rajistarsa. Shi wurin kansa a Legas HEFAMAA ce ke yi masa rajista, hukumar da jihar ta kafa a 2006, suna zuwa dubawa, suna rufe wuraren da ba su cika ƙa'ida ba, kuma ita ma rajistar sabuntawa ake yi. Na'urar hoton haƙori tana ƙarƙashin NNRA, hukumar da ke kula da na'urorin da ke fitar da haske mai ratsa jiki. Harajin albashin ma'aikata kuma LIRS, hukumar harajin jihar Legas, ake kai wa. Ni fayil ɗaya nake yi, a bangon farko in rubuta ranar ƙarewar kowace takarda, in sa wa wayata tuni wata biyu kafin lokacin. In an ɗauki likitan wucin gadi, ko na kwana ɗaya ne, a ga lasisinsa da ido, farar riga kowa na iya ɗinkawa.

Sirri ma doka ce, akwai Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 da dokar kare bayanan mutane ta 2023, amma ko babu su ai mutunci ne. Wannan ya fi wahala a kanmu saboda mun san juna. Maƙwabci zai tare ka bayan isha'i ya ce na ga Hajiya wance ta shiga wurinku lafiya dai ko, amsar ita ce lafiya lau ka wuce. Miji ma in ya bugo yana tambayar me aka samu a fayil ɗin matarsa, a ce ya zo da ita. Hoton bakin mutum kafin aiki da bayan aiki kuma ba a ɗora shi a Instagram sai da izininsa a rubuce.

Sai riƙe mutane. Likitoci da nas-nas suna ta japa, wato ficewa aiki ƙasashen waje, wanda ka horar shekara biyu wata rana zai zo maka da takardar ajiye aiki, ba za ka hana ba, abin da za ka iya shi ne kada wani aiki ya zama mutum ɗaya ne kaɗai ya iya shi, kuma albashi ya fita ranar da aka ce. Nas da ta taso daga Ikorodu tun asuba ba ta buƙatar tsawa a gaban majinyaci, a ja ta gefe. Tsakaninka da likita kuma akwai layi. Shi ke yanke abin da za a yi a baki, kai ke yanke yadda ranar za ta tafi. Bayan shekara biyu a wurin za ka fara gane hoto, za ka ji kamar ka iya, 'yan unguwa ma za su fara kiranka dakta suna buɗe maka baki a bakin masallaci, ka ce a'a ni manaja ne ku zo gobe a duba. Ranar da ka rubuta wa wani magani ko ka ce wa nas ta cire tunda likita ya makara, ka jefa lasisin wani da lafiyar wani a wuta.

Abu na ƙarshe da na gaya wa Alhaji shi ne kiran washegari. Duk wanda aka cire wa haƙori a buga masa, jinin ya tsaya, ya kwana lafiya, a tuna masa kada ya kurkure da ƙarfi ko ya yi ta tofarwa a ranar farko, ruwan gishiri mai ɗumi sai bayan awa 24, sigari kuma a haƙura kwana biyu don kada gudan jinin ya fita ramin ya bushe ya dawo da zugin da ya fi na farko. Minti biyu ne kiran, kuma yawanci a nan ne za ka ji an ce akwai ƙanena ma yana fama, yaushe zan kawo shi.

Alhaji ya yi shiru yana jan carbi, can ya ce to yanzu kujera ɗaya za a fara da ita ko biyu. Na ce ɗaya, kuɗin ta biyun a sayi tukunyar dafa kaya mai kyau da ƙarin saiti da inbata, a ajiye albashin wata shida a gefe. Ya ce to manajan fa, akwai ɗan ƙanwarsa yana zaune ba ya komai. Na ce a turo min shi ya zauna kusa da ni a teburi wata uku, ya fara da littafin ba da lokaci, in ya iya jera mutum goma a rana ba wanda ya jira fiye da rabin awa sai mu shiga maganar HMO.